Idan Ɗalibi Ya Ce Ba Zai Koma Jami'arsa Ba: Shawarwari 12 Ga Iyaye a Abuja

A ƙarshen kowace shekarar karatu, gidaje da dama a Abuja, daga Kubwa zuwa Lugbe, daga Gwarimpa zuwa Nyanya, sukan karɓi ɗa ko 'ya da suka gama aji ɗaya a jami'a, suka dawo hutu da magana ɗaya a baki: "Baba, ni dai a canza mini makaranta." Wani likitanci ya nema, aka ba shi kimiyyar tsirrai. Wata zaman hostal ne ya gagare ta. Wani kariyoba ce ta taru masa, kunya ta hana shi faɗa. Akwai kuma gidan da yaron lafiya lau yake karatunsa, aljihun uban ne ya gaza ɗaukar nauyin jami'ar kuɗi a shekara ta biyu.

Iyaye kan rabu gida biyu. Wasu su ce, "Haƙuri za ka yi, mu ma haka muka sha," su kashe zancen. Wasu kuma tausayi ya ɗebe su, su je su kwaso kayan yaro tun ba a san inda za shi ba. Kowanne akwai asara a ciki. Canjin jami'a abu ne da tsarin ilimin Najeriya ya yarda da shi, yana da ƙa'ida da lokaci da takardu. Sai dai ba kowace matsala yake warwarewa ba, kuma ba a barin gurbin da ke hannu sai sabon ya tabbata a rubuce. Ga yadda za a bi lamarin daki-daki.

1. Ku bari yaron ya gama magana.
Dalilin da yaro ya fara kawowa sau da yawa ba shi ne na gaskiya ba. Zai ce abincin makaranta ne, alhali jarrabawa ya faɗi. Za ta ce zafin gari ne, alhali wani malami ne ya matsa mata. Idan uba ya fara da faɗa da lissafin kuɗin da ya kashe, to ya toshe bakin yaron. A samu lokacin da ƙanne ba sa wurin, a tambaye shi cikin natsuwa: "Me ya faru? Tun yaushe? Wa ka gaya wa a makarantar?" Idan nauyin mahaifi ya hana shi sakin jiki, uwa ta karɓi zancen, ko kawu, ko gwaggo, ko yayar da ta riga shi shiga jami'a. A zaman farko kada a yanke komai, kada kuma a yi alkawari.

2. Ku rarrabe matsalar da canji ke warwarewa da wadda za ta bi shi.
Idan kwas ɗin da yake so babu shi a jami'ar, ko kuɗi sun gagara, ko rashin lafiya na buƙatar ya zauna kusa da gida da asibitinsa, canji na iya amfani. Idan kuwa tashi lakcar ƙarfe takwas ne ba ya iya yi, ko waya ta cinye lokacinsa, ko kewar gida ce, waɗannan za su hau mota tare da shi zuwa sabuwar makaranta. Shekarar farko dama ita ce mai wuya: yaro ya fito daga sakandare inda ake bin sa da bulala, ya faɗa aji mai ɗaruruwan mutane inda malami bai san sunansa ba.

Akwai abubuwa uku da ba a cewa a yi haƙuri a kansu. Na farko barazanar 'yan ƙungiyar asiri. Na biyu malami ko ma'aikaci mai neman ɗaliba da lalata; wannan laifi ne da ake kai ƙararsa ga hukumar makaranta, kuma hukumar ICPC mai hedikwata a Abuja na bincikar irinsa. Na uku yaron da ya daina barci, ya daina cin abinci, ya keɓe kansa, ko yake faɗin ya gaji da rayuwa. Wannan likita ake fara kai shi, a Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ko wani asibiti mai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, zancen makaranta ya biyo baya.

3. Ku fara neman gyara a inda yake.
Sauya kwas a cikin jami'a ɗaya ya fi sauya jami'a sauƙi da araha. Yawancin jami'o'i suna buɗe fom ɗin canjin sashe bayan fitowar sakamakon aji ɗaya, muddin ɗalibi yana da darussan sakandaren da sabon kwas ɗin ke buƙata, sashen kuma yana da wuri. Mai fama da rashin lafiya ko matsalar kuɗi zai iya rubuta takardar neman jingine karatu na zango ɗaya ko shekara, gurbinsa na nan a ajiye. Wani lokacin ma sauya ɗaki ko abokan zama ya isa. Ku sa yaron ya ga malamin da ke kula da ajinsu da shugaban sashe, ku ma ku same su. Iyaye da yawa ba su taɓa taka tsangayar ɗansu ba sai ranar yaye ɗalibai.

4. Ku san cewa ƙofofin uku ne.
Ta farko ita ce taransifa kai tsaye daga jami'a zuwa jami'a, inda yawanci ake karɓar ɗalibi a aji biyu. Ita ce ba ta cin shekara, ita ce kuma ta fi ƙunci, domin sai wuri ya samu a sashen da ake nema. Ta biyu ita ce sake rubuta jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, a fara daga aji ɗaya. Shekara ta tafi, amma ɗalibi ya shiga da sabon shafi, kuma ga mai son tsallakawa daga wani fanni zuwa likitanci ko lauya, sau da yawa ita ce hanyar da ta fi tabbas. Mai bin wannan hanya ya faɗi gaskiya a fom cewa shi ɗalibin wata jami'a ne, domin ba a riƙe gurbi biyu a lokaci guda. Ta uku ita ce shiga aji biyu da wata shaida ta gaba da sakandare, kamar difloma ko NCE ko sakamakon IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, ko na JUPEB. Gama aji ɗaya a jami'a kaɗai ba ya buɗe wannan ƙofa ta uku.

5. Kada ya yi watsi da jarrabawar da ke gabansa.
Kuskuren da ya fi yawa ke nan. Yaro ya sa a ransa zai tafi, sai ya daina shiga aji, ya rubuta jarrabawar zango na biyu da wasa. Alhali jami'ar da zai nema sakamakon nan za ta fara dubawa. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'in Najeriya ke amfani da shi, matsakaicin maki, wato CGPA, daga 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama. Kowace jami'a tana da mafi ƙarancin makin da take karɓar mai taransifa da shi, kuma kwasa-kwasan da ake rububinsu sun fi tsauri. Wanda aka kora saboda satar jarrabawa ko mugun hali, ƙofar taransifa a rufe take gare shi, domin sabuwar jami'a takan nemi shaidar ɗabi'a daga tsohuwa. Ku nemi ganin sakamakon da idonku a shafin ɗalibin na intanet, kada ku tsaya ga "Umma, ai na ci."

6. Ku taka da ƙafarku zuwa ofishin magatakarda.
Mazaunin Abuja yana da gatan da na Gusau ko Gashuwa ba shi da shi. Hedikwatar JAMB tana Bwari, ta Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana Maitama. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, gwamnatin tarayya kuma ta amince a sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon a Disambar 2024, tana kan hanyar filin jirgi zuwa Gwagwalada. Jami'ar Nile da aka kafa a 2009 da Jami'ar Baze ta 2011 suna ɓangaren Jabi, Jami'ar Veritas tana Bwari. Da an tsallaka iyakar Nasarawa ga Jami'ar Bingham a Karu da jami'ar jiha a Keffi. Mai aiki ko matar aure kuma ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da hedikwatarta a Jabi.

Ku je da tambayoyi a rubuce. Kuna karɓar taransifa bana a wannan sashe? Yaushe ake sayar da fom, yaushe ake rufewa? Maki nawa kuke nema? A wane aji za ku ajiye shi? Waɗanne darussan da ya riga ya ci za ku lissafa masa? Shekara nawa dole ya yi a wurinku kafin ku ba shi digiri? Tsohon makinsa zai shiga lissafin darajar digirinsa ko sabon lissafi za a fara? Amsoshin sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka abin da maƙwabci ya faɗa game da ɗansa ba hujja ba ne.

7. Ku tabbatar an tantance kwas ɗin, ba jami'ar kaɗai ba.
Jami'a tana iya zama da lasisi, amma wani kwas a cikinta bai samu amincewa ba. Mutanen Abuja sun ga wannan da idonsu. A 2012 gwamnatin tarayya ta dakatar da kwasa-kwasan likitanci, likitancin dabbobi, injiniyanci da aikin gona a Jami'ar Abuja saboda rashin cika sharuɗɗa. Ɗalibai suka yi ta zanga-zanga, daga bisani aka rarraba wasu masu karatun injiniyanci zuwa wasu jami'o'i, rukunin farko na ɗaliban likitanci kuwa sai da suka kwashe kusan shekara goma kafin su fita. An gyara lamarin daga baya, amma shekarun da suka tafi ba su dawo ba.

NUC tana wallafa jerin kwasa-kwasan da ta tantance. Bayan ita, kwasa-kwasan sana'a suna da nasu masu ido: MDCN ga likitanci, COREN ga injiniyanci, Majalisar Ilimin Shari'a ga lauya, sai hukumomin harhaɗa magunguna da na aikin jinya. Wasu daga cikinsu suna ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka. A 2023 Majalisar Ilimin Shari'a ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗaliban lauya a wata jami'ar kuɗi ta Abuja saboda ta zarce adadinta. Jami'ar da ta cika aji fiye da ƙima, ɗalibanta ne za su yi layin jiran Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bwari bayan sun gama. Saboda haka idan aka ce muku "akwai wuri" a likitanci ko lauya cikin sauƙi, ku ƙara tambaya.

8. Ku yi lissafin kuɗi har zuwa ranar gamawa.
Bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2020 da ya kai kusan wata tara, da na 2022 da ya fara a 14 ga Fabrairu ya ƙare a 14 ga Oktoba, iyaye da dama sun cire 'ya'yansu daga jami'o'in gwamnati zuwa na kuɗi. Wasu sun ji daɗi. Wasu sun biya shekara ɗaya da kuɗin gida ko fili, a ta biyu suka tsaya cak. Manyan jami'o'in kuɗi na Abuja miliyoyin naira suke karɓa a shekara, ban da hostal da abinci, kuma kuɗin hawa yake yi. Ku ninka kuɗin bana da shekarun da suka rage, ku ɗora ƙari a kai, sannan ku tuna da ƙannensa da ke tafe.

Mai komawa jami'ar gwamnati kuma ya san cewa yawancinsu sun ƙara kuɗi tun 2023. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati yake ba wa bashi, kuma kuɗin makaranta kai tsaye yake tura wa makarantar. Wanda ya riga ya ci bashin ya sanar da asusun kafin ya motsa. Mai tallafin karatu na jiha ko na wani kamfani shi ma ya tambaya ko tallafin zai bi shi.

9. Ku lissafa shekaru da darussa.
Ko an karɓi ɗalibi a aji biyu, akan ɗora masa wasu darussan aji ɗaya da bai yi ba. Sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a 2022 ta rage wannan wahala, domin kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa iri ɗaya ne a duk jami'o'i, kashi 30 ne kowace ke tsara nata. Duk da haka, ku ɗauki jerin darussan makarantun biyu ku jera su gefe da gefe. Sannan kalandar jami'o'i ba ɗaya ba ce. Wata tana zango na biyu, wata ba ta buɗe ba, yaro na iya zaman gida wata shida a tsakani. Wanda ya shiga jami'a da ɗan shekaru kuma ya tuna cewa mai kammala digiri bayan ya haura shekara 30 takardar yafewa NYSC ke ba shi, ba ya zuwa bautar ƙasa.

10. Ku auna hanya da masauki.
"Ya dawo Abuja ya riƙa zuwa daga gida" magana ce mai daɗin faɗa. Amma wanda ke Mararaba ko Nyanya zai je lakcar safe a hanyar Gwagwalada, sai ya keta cunkoson asuba ya ratsa birnin gaba ɗaya. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani kuɗin makarantar na daban. Ga kuma 'yan wan-cans da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi, abin da ya sa dawowar dare ke da haɗari, musamman ga 'ya mace. Ku gwada tafiyar tare da shi a ranar aiki, a lokacin da zai riƙa fita. Idan kuma Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Minna za shi, ku binciki hostal tun kafin a biya kuɗi, domin mai taransifa ba ya cikin sababbin ɗaliban da aka fi ba wa gado.

11. Ku bi takardu a jere, kada ku saki reshe ku kama ganye.
A sayi fom ɗin taransifa a sabuwar jami'a, a biya ta hanyar da ta tsara, a ajiye rasit. A nemi tsohuwar jami'a ta aika cikakken sakamakon ɗalibi kai tsaye zuwa ga magatakardar sabuwar. Wanda ɗalibi ya ɗauko a hannu ba a cika karɓarsa ba, kuma aikawar na cin makonni, don haka a fara da wuri. Yayin da ake jira, yaron ya yi rajista ya ci gaba da shiga aji a inda yake. Sai takardar karɓa mai sa hannun hukuma ta fito, sannan a nemi sallama daga tsohuwar, a biya duk bashin ɗakin karatu da na hostal.

Akwai mataki na ƙarshe da ake yawan mantawa. Tun 2017 JAMB ke tafiyar da duk gurbin karatu ta manhajarta ta CAPS, kuma da jerin sunayen da ke hannunta ake tura masu digiri bautar ƙasa. Idan a wurin JAMB sunan yaro yana nan a tsohuwar jami'a da tsohon kwas, matsalar ba za ta fito ba sai ya gama, abokansa sun tafi sansani shi yana zarya tsakanin Bwari da makaranta. Ku tabbatar an gyara wannan tun a zangon farko. Ku kuma duba cewa suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a takardar WAEC ko NECO, da JAMB, da lambar NIN.

12. Ku guji dillalan gurbi, ku yi hattara da jami'o'in ƙetare.
Duk wanda ya ce ku tura kuɗi asusunsa zai "shigar da sunan yaro", ko da yana sanye da katin ma'aikaci, ku bar shi. Gurbin da bai bi ta JAMB ba, ranar wanka za a ga cibi. Haka masu tallar digiri cikin gaggawa a maƙwabta. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Kafin a kai yaro kowace ƙasa, a tambayi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ko ta san da jami'ar. A kuma tuna da ɗaliban da yaƙi ya koro daga Yukiren a 2022 da Sudan a 2023: waɗanda suka riƙe kwafin sakamakonsu na kowane zango sun fi samun sauƙin neman gurbi a gida. Kowane ɗalibi, a ko'ina yake, ya riƙa ajiye nasa a takarda da kuma a waya.

Bayan an tattara duk wannan, ku sa ranar yanke shawara kafin a rufe rajistar sabuwar shekara, ku yi istihara, ku zauna da yaron a matsayin wanda rayuwarsa ake magana a kai. Idan canjin ya tabbata, kada a mai da shi abin gori duk lokacin da aka saɓa, kuma ba dole ba ne kowane ɗan uwa ya ji dalili. Ku sa masa ido sosai a zangon farko, domin zai tarar da 'yan ajinsu sun riga sun saba da juna. Idan kuma zama ya fi alheri, kada a mayar da shi makarantar haka kawai: a gyara abin da ya kawo kukan, ko ɗaki ne, ko kuɗin kashewa, ko malamin da zai riƙa taimaka masa a darasin da ya gagare shi, sannan a yi masa alkawarin sake zama a ƙarshen zango don a ga inda aka kwana. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya zaɓa musu abin da ya fi alheri.